Ƙofar Ƙarshe ta Bandakin Tasha

Kafin motar farko ta tashi, Inna Mai Makulli ta riga ta iso. Takan shigo ta ƙaramar ƙofar bayan tasha, inda masu faci ke jingine tsofaffin tayoyi, da bokiti a hannu, tsintsiya a hammata, makullai ɗaure a bakin zaninta suna kaɗawa. Ba ta tsayawa hira da kowa sai ta gama wankin farko. Takan kwarara ruwa tun daga ƙofar farko har ta ƙarshe, ta dirje, ta watsa magani, ta cika butoci ta jera su a bakin rariya, sannan ta wanke hannuwanta da sabulu ta zauna a kan benci. Sai a lokacin take ɗaga kai ta amsa gaisuwar masu shayi da 'yan dako.

Aikinta kula da bandakin babbar tashar mota. Na faɗe shi kai tsaye domin na san akwai mai karatun da zai yamutsa fuska, alhali shi ma ranar da ciki ya murɗa masa a tsakiyar tafiya, ba ofishin shugaban tasha yake nema ba. Ta daɗe a bakin waɗannan ƙofofi. Direbobin da ta sani da baƙin gashi yau sun yi furfura, wasu sun ajiye tuƙi, wasu an binne su. Dubban mutane sun wuce ta gabanta a gaggauce sun fito da natsuwarsu, kaɗan ne a cikinsu suka kalli fuskarta.

Ƙofar ƙarshe ba kamar sauran take ba. Kullum a kulle take, makullinta kuma shi kaɗai ne ba ya cikin ɗaurin, a wuyanta take rataye shi. A ciki akwai 'yar kantar ajiye kaya daidai ƙugu, da famfo, da ƙusoshin rataye riga, da kwandon shara mai murfi, da madubin da aka kafa ƙasa-ƙasa, yadda mutum in ya tsaya ba fuskarsa zai gani ba, cikinsa zai gani. 'Yan kamasho sun taɓa leƙawa tana shara, suka dinga tsokanarta.

"Inna, wannan madubin na wadanni ne?"

Ta ce, "Na masu hankali ne. Shi ya sa ban taɓa ba ku makullin ba."

Ɗakin na masu jaka ne. Akwai mutanen da ciwo ya cinye wa babban hanji, likita ya cire shi, ya fito da bakin ƙaramin hanji ta gefen ciki, aka manna jaka a wurin tana tarar abin da ke fita. Aikin yana ceton rai, amma yana barin mutum da wani sabon nauyi. Babban hanjin nan shi ne ke tsotse ruwa da gishiri ya mayar wa jiki. In babu shi, abin da ke zuba a jakar ruwa-ruwa ne, yana tafiya da ruwan jikin mutum da gishirinsa. Ƙoda kuwa da ruwa take aiki. In aka bar ta a bushe yau, aka bar ta gobe, wata rana ko an ba ta ruwan ba ta komawa yadda take.

Jakar ba ta neman izini kafin ta cika. Saboda haka da yawa daga cikin masu ita suka koyi wata dabara da babu likitan da ya koya musu: ranar da za su fita, ba sa ci, ba sa sha. Su wuni a kasuwa ko a ofis maƙogwaro a bushe, don kada jakar ta kumbura a ƙarƙashin riga, don kada su rasa inda za su shiga su zubar. Da yamma su koma gida su kwankwaɗi ruwa zalla ko lemon kwalba, shi kuma ya bi ta hanji ya wuce da sauri, ya ƙara wanke ɗan gishirin da ya rage. Ƙishirwa ce ta kunya, kuma tana kashe ƙoda a hankali ba tare da ta yi ƙara ba.

Inna ba ta yi karatun asibiti ba, ba ta kuma taɓa cewa ta yi ba. Wurin Sista ta je, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da masu jaka a babban asibiti, ta zauna ta tambaya, ta sake komawa ta sake tambaya har abin ya zauna mata. Tun daga nan kowace safiya takan haɗa ruwan gishiri da sukari, irin na ƙunshin da asibiti ke bayarwa, ta zuba a filas ta ajiye ƙarƙashin bencinta tare da ƙananan kofuna. Duk wanda ta buɗe wa ƙofar ƙarshe, in ya fito sai ya zauna ya sha, kurɓi-kurɓi, ba a kafa kai. Sista kuma in ta sallami mai jaka takan ce masa, in hanya ta bi da kai tasha, ka nemi matar da ke bakin bandaki.

Ke ce, Inna, wadda ba ta taɓa tambayar mutum me ke ƙarƙashin rigarsa ba. Ke ce kike gane su tun daga nesa, da yadda suke dafe gefen ciki da gwiwar hannu, da yadda suke zagaye layi suna kasa shiga, sai ki tashi kamar za ki ɗebo ruwa, ki buɗe ƙofar ki kau da kai. Mai shayin kusa da ke ya ce ya ga wata amarya ta fito daga ɗakin nan ta durƙusa a gabanki tana kuka, kika ce mata ta tashi kada ta jiƙa miki inda kika goge. Ya ce ya ga wani dattijo mai manyan kaya ya miƙa miki hannu biyu, kika sa masa kofi a ciki.

Amma labarin da tasha ba za ta manta ba shi ne na direban da ake kira Ba-Tsayawa.

Doguwar mota yake ja, mai dogon zango. Laƙabin ya samo shi ne saboda in ya ɗora ƙafa a kan totur, sai dai fasinja ya yi haƙuri har a isa. Mutum ne mai barkwanci. Da ya faka mota, kafin inji ya huce, yana bakin bandaki yana cewa, "Uwar ɗakina, a buɗe wa babban baƙo." Ita kuma ta ce babban baƙo ya bi layi. Sai ya ɓace na wasu watanni, aka ce an yi masa aiki a ciki. Ya dawo a rame, cikin riguna masu faɗi, ya karɓi motarsa ya ci gaba da tuƙi. Kowa ya yi masa barka, babu wanda ya ƙara tambaya.

Aikin Inna ya koya mata sanin mutane ta zuwansu da rashin zuwansu. Ta ga mutumin da ke shigowa da zarar ya sauka yanzu yana wuce ta da kai a kauce. Ta ga leɓunansa sun tsage, idanunsa sun faɗa. Ta ga in ya diro daga mota sai ya dafa ƙofa ya jira jiri ya sake shi, ya sunkuya yana murza sha-raɓarsa. Abin da ya tashe ta daga benci shi ne ranar da ta ga ya sayi ƙwayar ciwon jiki a wurin mai tallan magani, ya jefa a baki ya haɗiye ta haka nan, babu ko ɗigon ruwa.

Ta je har gindin motarsa, ita da ba ta barin bakin aikinta. Ta ce, "Ɗana, zo ka kama mini wani abu, hannuna ya ƙi."

Ya biyo ta. Ta cire makullin wuyanta ta buɗe ƙofar ƙarshe ta ja gefe. Ya leƙa yana neman abin da zai ɗaga, ya ga kantar, ya ga kwandon, ya ga madubin da inda yake kallo. Ya daɗe bai juyo ba.

"Wa ya faɗa miki?"

"Babu wanda ya faɗa mini. Mutum ya wuni yana tuƙi cikin wannan zafi bai zo ya yi fitsari ba, ko ƙarfe ne sai na tambaye shi lafiya. Rabonka da ruwa tun yaushe?"

"Tun daren jiya."

"In ka yi fitsarin, yaya yake?"

Ya sunkuyar da kai. "Kaɗan ne. Ja kamar shayi."

Ta gyara ɗaurin zaninta. Shi ne ya ci gaba, murya ƙasa-ƙasa. "Inna, mota cike da mutane a bayana, maza da mata. In na sha jakar ta cika, in ta ɓalle a hanya, da wane ido zan kalle su? Ko a gaban matata sai na kashe fitila nake canzawa."

Ta ce, "Mutanen bayanka in sun sauka ba za su tuna ko fuskarka ba. Ƙodarka ce za ta bi ka gida. Shiga ka gyara jikinka, ka fito ka same ni."

Ya fito ya zauna a gefen bencin da bai taɓa zama a kai ba. Ta tsiyaya masa a ƙaramin kofi. Ya ɗaga zai shanye, ta riƙe masa hannu ta ce a hankali, ba tsere ake ba. Washegari ta tasa shi gaba da magana har sai da ya je wurin Sista. Aka gwada jininsa, likita ya ce ƙodojin sun fara gajiya amma da sauransu, ya ba shi maganin da ke rage gudun hanji, ya hana shi ƙwayoyin ciwon jikin nan domin su ma cin ƙoda suke yi. Aka ce ya riƙa kurɓar ruwan gishiri da sukari tsawon yini, ya riƙa duba fitsarinsa, in ya ga ya ragu ko ya yi duhu kada ya jira.

Wata 'yar kasuwa da ta saba bin motarsa ta ba ni labarin abin da ya biyo baya. Ta ce ranar nan kafin a tashi sai direba ya juyo ya fuskanci fasinjoji, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Jama'a, daga yau motar nan tana tsayawa a hanya duk inda direba ya ga dama. Mai sauri, ga ta baya nan tana lodi." Babu wanda ya sauka. Ya ajiye filas a gefen giya yana kurɓa yana tuƙi. Cikin ɗan lokaci tsofaffi da masu ciki suka gane motar, suka riƙa jiranta ko da wata ta riga ta cika. Abokan aikinsa suka sauya masa suna zuwa Sai-Ya-Tsaya, ya yi dariya ya karɓa. Kumatunsa suka dawo. Kafin ya tashi yana ƙofar ƙarshe, in ya dawo yana ƙofar ƙarshe, yana kiran uwar ɗakinsa tun daga nesa.

Da a nan labarin ya tsaya, da na rubuta shi da farin ciki.

Gwiwoyin Inna ne suka gaza. Shekarun tsuguno a kan siminti mai sanyi suka taru suka kama ta, har ta kai ba ta iya ɗaga bokiti. Ta ajiye aiki ba tare da taro ko jawabi ba. Aka ba wani kamfani sharar tasha. Sababbin ma'aikatan ba mugaye ba ne, ba su sani ba ne kawai. Ta yi musu bayani kafin ta tafi, suka ce to, amma masu cewa to ɗin aka sauya su da wasu. Waɗanda suka zo suka ga ɗaki mai kanta da ƙusoshi, suka ga ya dace da ajiyar tsintsiyoyi da jarkokin magani. Makullin ya koma aljihun shugabansu, wanda ba kullum yake wurin ba.

Direban ya taɓa tambayar makullin sau ɗaya. Ma'aikacin ya ɗaga murya a gaban dogon layi ya ce, "Me za ka yi a sito, Malam? Ga bandaki nan." Ya yi dariyar yaƙe ya juya. Ya koma lallaɓawa a matsattsen bandakin kowa da kowa, babu inda zai ajiye kaya, babu madubi, ana ƙwanƙwasa masa ƙofa. Wata rana cikin tsananin zafi ya manna jakar a gaggauce ba ta kama da kyau ba. A tsakiyar hanya ta saki. Wani fasinja ya toshe hanci ya ce wa ya shigo da ruɓaɓɓen kaya motar nan, aka yi ta dariya ana dube-dube. Direba ya riƙe sitiyari ya kai su har tasha, rigarsa jiƙe tana manne da cikinsa.

Daga washegari filas ya zauna a gida. Matarsa ta cika ta miƙa masa, ya ce ya manta, gobe ya sake mantawa. Ya daina tsayawa a hanya. Ciwon sha-raɓa ya dawo, ya koma wurin mai tallan magani. Babu wanda ya lura a tasha, domin mai lurar tana gida ƙafafunta a miƙe. Wata la'asar ya faka motar daidai inda ya saba, fasinjoji suka sauka, shi bai sauko ba. 'Yan dako ne suka same shi kansa kife a kan sitiyari, suka ɗauko shi ranga-ranga.

A asibiti aka ɗaura masa ƙarin ruwa. Likita ya gaya wa matarsa gaskiya: ƙodojin sun sha wuya ƙwarai wannan karon, in ba su farfaɗo ba sai dai a fara yi masa wankin ƙoda. Bayan kwanaki fitsari ya fara dawowa kaɗan-kaɗan. Amma ba a rayuwa da ƙarin ruwa a hannu har abada, dole ya koma sha da bakinsa yadda likita ya tsara kafin a sallame shi. Nan ne ya juya fuska ga bango. Sista ta lallashe shi, matarsa ta yi kuka, yaransa suka zo suka tsaya cirko-cirko a bakin gado. Abin da yake cewa kawai shi ne, "Na gaji da jakar nan. Ku bar ni."

Matarsa ce ta nemi gidan Inna. Aka ɗauko ta a tasi, aka turo ta a keken marasa lafiya har gefen gadonsa. Ya ji muryarta, ya ƙara cusa fuska a matashi. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta sa aka fitar da yaran, ta karɓi kofin da Sista ta haɗa ta riƙe a cinyarta.

Ta ce, "Ɗana, ban taɓa gaya maka ba, ina da 'ya. Malamar makaranta ce. Ita ma an yi mata irin aikinka. Tsafta gare ta, ko inuwar ƙazanta ba ta so. Ta ce ba za ta tsaya gaban yara jaka tana ƙugi a jikinta ba, makarantar kuma babu inda za ta shiga ta kulle. Sai ta daina sha in za ta fita. Ni kuma ina ganin ramarta ina cewa aikin ne bai gama sakinta ba. Da aka gane, ƙoda ta tafi."

Ya daina motsi.

"Ranar da ta rasu, ni na cire mata jakar ƙarshe da hannuna. Na shirya ganin abin da na saba gani. Na duba, babu komai a ciki. Tsaf take, kamar yanzu aka manna ta. Abin da ta so ke nan, ta kuwa samu. Na wanke ƙazantar mutane shekara da shekaru, babu wadda ta taɓa hana ni cin abinci. Wannan jakar mai tsabta ce har yau nake gani in na rufe ido."

Matarsa ta fara shessheƙa. Inna ta ce, "Gara matarka ta wanke rigarka kullum da ta ninke ta ta ajiye. Juyo."

Ya juyo. Hawaye na bin gefen fuskarsa har cikin kunne. Inna ta kai masa kofin baki, matarsa ta tallafa daga ƙasa. Ya kurɓa, ya huta, ya sake kurɓa.

Ba zan ce ya warke ba, domin bai warke ba. Abin da ƙodojinsa suka rasa a makonnin nan ba zai dawo ba. Ya tsira daga wankin ƙoda a yanzu, likita kuma bai yi masa alkawarin gobe ba. Dogon zango ya ƙare masa. Ƙaramar mota yake ja a cikin gari, kusa da gida, yana zuwa gwajin jini a kai a kai. Direbobi sun je a ƙungiyance sun sa an kwashe tsintsiyoyin daga ɗakin, abin da ya kamata mu yi tun ranar da Inna ta tafi, ba sai da aka ɗauko mutum a sume ba.

Mun gode, Inna. Mun gode da tsugunon da ya cinye miki gwiwa, da shirun da kika rufa wa mutane asiri da shi, da maganar da kika yi ranar da shiru ba zai yi amfani ba. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sanyaya miki zuciya. Ku kuma masu shago, da masu makaranta, da masu ofis, da duk wanda ke riƙe da makullin wata ƙofa, in wani ya matso ya roƙe ku a hankali, ku buɗe masa, kada ku sa shi bayani a gaban jama'a. In kuna da mai jaka a gida ko a wurin aiki, ku lura ko yana sha, ku tambaye shi a keɓe, ku raka shi asibiti tun ƙafarsa na ɗaukarsa.

Taki 'yar ba ta dawo ba, Inna, kuma babu godiyar da za ta dawo da ita. Amma akwai wani gida a garin nan da yara ke jin tsayuwar mota da yamma su ruga bakin ƙofa, har yau kuma ubansu ne ke fitowa daga ciki.